Keken Danny MacAskill na 2009: yadda 'yan santimita a jikin firam suke canza halin keke gaba ɗaya

A watan Afrilun 2009 aka ɗora wani bidiyo a YouTube mai tsawon minti biyar da rabi, wani saurayi ne ɗan shekara 23 a ciki, sunansa Danny MacAskill, ɗan garin Dunvegan da ke tsibirin Skye a Sukotland, a lokacin gyaran keke yake yi a wani shago a Edinbara, kuma abokin zamansa Dave Sowerby ne ya riƙe kyamarar. Duk wanda ya taɓa kalla ya san abin da nake nufi, mutum ya hau kan shingen ƙarfe mai tsini yana tuƙa keke a kai, ya nufi bishiya a guje ya hau jikinta ya wuntsila ya dawo kan tayoyinsa, ya tsallaka daga rufin wani shago zuwa rufin na kusa da shi, ya diro daga matakala yana juyi a iska. Kafin ka ce kwabo miliyoyin mutane sun kalla, shi kuma ya ajiye sifana ya koma hawan keke a matsayin sana'a.

Kowa zancen zuciyarsa yake yi, kuma gaskiya ne yana da zuciya, yana da haƙurin maimaita abu ɗaya sau ba adadi har sai ya fita. Amma ni duk sanda na koma kan bidiyon nan keken nake kallo. Saboda a waccan shekarar ɗin dai, a watan Satumba, an yi gasar duniya ta wannan wasa, wato tirayal, a Kanbera ta ƙasar Ostiraliya, Gilles Coustellier ɗan Faransa ya ci ɓangaren keke mai taya inci 26, Benito Ros ɗan Sifaniya ya ci na inci 20, kuma da zaka jera kekunansu kusa da na MacAskill sai ka rantse ba wasa ɗaya suke yi ba. Nasu dogo ne, siriri, babu sirdi ko alamarsa, firam ɗin ya kwanta ƙasa kamar an danne shi. Nasa kuwa Inspired Fourplay ne mai taya inci 24, gajere, da ɗan sirdinsa, kai ka ce keken yaro ne aka ƙarfafa. Dukkansu sunan wasan ɗaya ne, tirayal, amma abin da ɗaya zai yi cikin sauƙi ɗayan sai ya sha wuya, kuma dalilin yana cikin ma'aunin firam ɗin ne.

Bari in ɗan koma baya kaɗan don wanda bai san wasan ba. Tirayal wasa ne na hawa kan duwatsu, kututture, bututun siminti da makamantansu ba tare da ka sa ƙafa a ƙasa ba. Ba gudu ake ba. Daga babur aka samo shi, a yankin Kataloniya na Sifaniya, inda Pere Pi, wanda yake aiki da kamfanin babur na Montesa, ya ƙera wa ɗansa Ot Pi ɗan keke mai taya inci 20 don ya koyi tsayuwa, aka sa masa suna Montesita, daga baya a 1983 ya kafa kamfanin Monty, shi kuma Ot Pi ya zama zakaran duniya sau da yawa. To lokacin da kekunan hawan dutse masu inci 26 suka yaɗu sai aka fara yin wasan da su ma, irin su Hans Rey da Martyn Ashton duk da keke mai sirdi da giya suka yi suna, har akwai lokacin da dokar gasa ta ce dole keken inci 26 ya kasance da giya shida masu aiki. Firam ɗinsu ba shi da wani babban bambanci da keken dutse ƙarami.

Abin da ya canza komai shi ne dokar ƙidayar laifi. A gasar hukumar keke ta duniya UCI, a tsarin da ake bi a 2009, sa ƙafa a ƙasa laifi ɗaya ne, biyar shi ne iyaka a kowane zango, wanda ya fi ƙarancin laifi shi ya ci. Kuma ba ƙafa kaɗai ba, in ka jingina da feda ko ƙarfen kariyar da ke ƙarƙashin keken a kan dutse shi ma an rubuta maka. Ma'ana taya kaɗai aka yarda ta taɓa. Daga nan 'yan wasa suka koma rayuwa a kan tayar baya, su ɗaga gaba su tsaya cak, su yi ta ɗan tsalle-tsalle a wuri ɗaya, sannan su harba feda su faɗa kan dutse na gaba, nan ma a kan tayar baya. Masu ƙera firam, irin kamfanin Koxx na Faransa wanda Dominique Hermance ya kafa, suka bi 'yan wasan, kowace shekara suna ɗan gyara ma'auni don tsayuwar nan ta ƙara sauƙi.

Ma'auni huɗu ne ake magana a kai, kuma in ka gane su ka gane komai. Akwai tsawon keken daga aksul ɗin tayar gaba, wato ƙarfen tsakiya da tayar take juyawa a kai, zuwa na tayar baya. Akwai tazarar baya, wato daga cibiyar feda, inda ƙarfen da ke haɗa fedoji biyu yake juyawa, zuwa aksul ɗin baya. Akwai jinginar fok, yadda ƙarfen da ke riƙe tayar gaba ya miƙe ko ya kwanta. Sai na huɗun wanda ni a ganina shi ne uban tafiya, tsayin cibiyar feda. Ba daga ƙasa ake auna shi ba, zare ake ja daga aksul zuwa aksul, sai a duba cibiyar tana saman zaren ko tana ƙasansa, da milimita nawa.

Kusan duk keken da ka taɓa hawa a rayuwarka cibiyarsa a ƙasan zaren take. Phoenix ɗin nan mai sanda na kai kaya kasuwa, keken tsere, keken dutse, duk a ƙasa take da santimita uku zuwa bakwai, shi ya sa kake jin kamar a cikin keken kake zaune. Tazarar bayansu kuma daga milimita 430 zuwa sama take, ban da na tsere da ya ɗan fi gajarta. Keken tirayal na wajen shekarar 2000 cibiyarsa ta hau daidai kan zaren ko ta ɗan wuce kaɗan, tazarar baya wajen 400. Zuwa 2009 kekunan gasa na inci 26 cibiyarsu ta haura sama da zaren da milimita 50 zuwa 60, tazarar baya ta dawo wajen 380, tsawon keken kuma ya miƙe zuwa wajen 1080 ko 1090. Na yau ma sun wuce nan, 70 da 80 ba abin mamaki ba ne yanzu.

Mutum zai ce to santimita shida ko bakwai me zai yi? Mu yi lissafin tare, don nan ne abin yake da daɗi. Ka ɗauka ka ɗaga gaban keke har ya yi digiri 50 da ƙasa, kana tsaye a kan feda, birkin baya a damƙe. Nauyinka kusan duka a kan feda yake, kuma don kar gaban ya faɗi dole tsakiyar nauyinka da na keken ya zauna daidai saman inda tayar baya ta taɓa ƙasa. A tsohon firam mai tazarar baya 400 da cibiya a kan zare, ƙafarka tana gaban aksul ɗin baya da kusan santimita 26 in ka auna a kwance. Duk wannan tazarar nauyinka ne yake jan gaban keken ƙasa, sai ka rama ta hanyar tura ƙugu baya sosai da jan kan keke da ƙarfin hannu, shi ya sa tsofaffin 'yan wasa in ka gansu kan tayar baya sai kaga sun rataye kamar mai jan guga. Yanzu ɗauki firam mai tazarar baya 380 da cibiya 70 sama da zare. Tun keken yana ajiye a ƙasa layin da ya haɗa aksul ɗin baya da cibiyar ya riga ya ɗaga da digiri 10 da ɗoriya, to in ka ɗaga gaban digiri 50 ɗin nan layin ya kai digiri 60 da wani abu, ƙafarka ta dawo santimita 19 kacal daga aksul. Santimita bakwai kenan aka matso da kai kan tayar ba tare da ka yi komai ba. Sai ka tsaya a miƙe, hannu a sake, cinya ba ta ƙuna, kana iya tsayawa ka duba inda zaka faɗa a natse, kuma ƙarfin da da ka ɓatar wajen riƙe gaba sai ka ajiye shi don tsallen. Ga kuma ribar cewa cikin keken ya yi nisa da dutse, yiwuwar ya taɓa a rubuta maka laifi ta ragu.

Tsawon keken shi ma da dalilinsa. In zaka tsallake gibi tsakanin duwatsu biyu, dogon keke ya riga ya ci maka wani ɓangare na gibin, tayar gaba tana isa da wuri. In zaka hau bango mai tsayi ka maƙala tayar gaba a samansa ta baya tana jikin bangon, dogon keke ya fi kaiwa. Sannan tunda tazarar baya gajeriya ce, duk tsawon nan a gaba aka zuba shi, tsakanin cibiya da tayar gaba, aka ƙara da dogon wuya mai riƙe kan keken, milimita 130 zuwa 150 har fiye, wanda ya ba ɗan wasa filin da zai durƙusa ya miƙe kamar sifirin ba tare da gwiwarsa ta bugi komai ba. Sirdi kuwa cire shi aka yi saboda a tsallen gefe, wanda ake tsayawa kusa da bango a ɗauke keken gefe a dire a kai, dole ka naɗe jikinka har mazauninka ya kusa taɓa tayar baya. Manyan 'yan wasa suna hawa bangon da ya haura santimita 130 da wannan tsallen daga tsaye, ba gudu ba komai.

To amma ba a samun wannan a banza. Ka hau keken gasa ka ce zaka tuƙa shi mita ɗari biyu a titi, nan zaka gane. Tayar inci 26 mai kauri aksul ɗinta yana wajen santimita 34 daga ƙasa, ka ƙara bakwai, ƙafarka tana santimita 41 a sama, jikinka kuma dogon wuyan nan ya jawo shi gaba nauyi ya taru a tafin hannu, ji kake kamar a saman keken aka ɗora ka, kowane ɗan rami yana neman ya kifa ka ta gaba. Giyar kuma haƙora 18 a gaba 15 a baya, zagayen feda guda mita biyu da rabi kawai yake kai ka, alhali keken gida na yau da kullum ya fi mita biyar. Keke ne da aka ƙera don ya tsaya, da zarar ya fara gudu sai halinsa ya ɓaci.

Nan ne maganar MacAskill ta shigo. Abin da yake yi a bidiyon nan kusan rabinsa gudu ne. Yana tahowa a guje, ya tashi, ya juya, ya dira ya ci gaba da tafiya ba tare da ya tsaya ba, salon 'yan BMX ne, masu ƙananan kekunan tsalle-tsalle, aka gauraya da tsayuwar 'yan tirayal. Kamfanin Inspired na Ingila don irin wannan hawan ya ƙera Fourplay, kuma a kowane ma'auni sai da suka ja da baya daga inda 'yan gasa suka dosa. Kekunan titi masu inci 24 irin wannan tsawonsu yana tsakanin milimita 990 da 1040, cibiyarsu tana saman zare da 10 zuwa 35 kawai, tazarar baya tsakanin 360 da 385, wuya gajere, kan keke a ɗage, ga sirdi. Ka lura tazarar bayan ba ta canza sosai ba, ita kowa yana son ta gajeriya. Cibiyar ce aka sauke, gaban kuma aka taƙaita.

Mu ɗauki abubuwan ɗaya bayan ɗaya yadda suke a bidiyon. Mafi yawan hawan da yake yi kan bango ko benci da tsallen gudu yake yi, wanda suke kira bonihof, kana tafe ba ka taka feda, ka jefa jiki baya gaban ya ɗago, ka miƙe da ƙarfi ka jawo kan keken zuwa cinya, sannan ka tura shi gaba bayan ya biyo. Wannan motsin yana buƙatar hannunka ya kasance kusa da jikinka. A keken gasa hannun yana can gaba, kafin ka iya jefa ƙugu baya hannu ya riga ya miƙe ya ƙare, shi ya sa 'yan gasa ba su cika yin sa ba, feda suke harbawa. A gajeren gaba kuwa da ɗan jan kaɗan ya taso. Haka tafiya kan tayar baya ba tare da taka feda ba, wato manuwal, abin nan da yaran unguwa suke ƙoƙarin yi in sun ɗaga kan keke sai dai su suna takawa. A manuwal tayar tana gudu a ƙarƙashinka, kai kuma kana gyara ma'auni da lanƙwasa gwiwa da miƙe ta. In cibiya ta yi sama da yawa, abin nan da ya taimake ka a tsaye shi zai cuce ka, don ƙafarka ta riga ta matso kan aksul, ɗan kuskure kaɗan keken ya wuce ya zame ta gaba ka faɗi ta baya. Cibiya ta ƙasa tana faɗaɗa maka wurin da zaka yi wasa a ciki kafin ka kai ga faɗuwa.

Sai juyi. Wannan lissafinsa a fili yake, duk nauyin da ya yi nisa da tsakiyar abin da ke juyawa wahalar juya shi ba daidai da nisan take ƙaruwa ba, nisan sau nisan ne. Tayoyi su ne suke can ƙarshe biyu. In ka kwatanta keke mai tsawon 1090 da mai 1010, a wannan ɓangaren kaɗai dogon ya fi wuyar juyawa da kusan kashi 16 cikin ɗari, ba a ma zo maganar cewa tayar inci 24 ta fi ƙanƙanta ba. Mutumin da zai diro daga saman matakala ya yi cikakken zagaye kafin ya taɓa ƙasa ƙasa da daƙiƙa ɗaya yake da ita, kashi 16 ɗin nan shi ne tsakanin dira a miƙe da dira a karkace. Kuma ƙaramar taya in an ɗaure ta da kyau ta fi jure dirar karkace, don sifokinta gajeru ne.

Shingen ƙarfen nan mai tsini kuwa, wanda ya buɗe bidiyon da shi, ni shi ne yake tsaya min a rai. A nan jinginar fok ce take aiki, kuma abin sha'awa a nan kekunan biyu ba su saɓa sosai ba, duka suna wajen digiri 72 zuwa 73. Abin da wannan kusurwar take haifarwa shi ne, in ka ja layi ta cikin wuyan fok har ƙasa, zai sauka a gaban inda tayar ta taɓa ƙasa, tazarar da ke tsakaninsu ita take sa tayar gaba ta riƙa komawa tsakiya da kanta, kamar ƙafar kujerar ofis mai taya. A keken tirayal tazarar nan wajen santimita shida zuwa bakwai ce. A keken gangaren dutse na zamani mai digiri 65 ta kai 12, shi ya sa yake tafiya ɗoɗar a gudu amma a tafiyar hawainiya kansa yake faɗawa gefe da nauyi. A kan ƙarfen da faɗinsa bai wuce na tayar ba, kana tafiya a hankali, so kake kan keken ya amsa nan take kuma ya amsa daidai gwargwadon abin da ka ce masa. Inda keken MacAskill ya fi na gasa a nan shi ne tsayuwar jiki. Aksul ɗin inci 24 yana wajen santimita 31 daga ƙasa, da ɗan tashin cibiyar ƙafarsa tana wajen 33 ko 34, ƙasa da ta ɗan gasa da kusan santimita bakwai, nauyinsa a ƙafa yake ba a hannu ba, don haka hannun ya samu sukunin yin gyara ƙanana, gajeren keke kuma tayar bayansa ta fi bin sawun ta gaba kusa-kusa in an ɗan karkata. Ga sirdin nan da mutane suke ɗauka ado ne, ba zama ake a kai ba, tsakanin gwiwoyi yake, da shi kake jin inda keken ya karkata tun kafin idonka ya gani, kuma kana iya tokare shi da cinya ka dawo da shi.

Bishiyar kuma gudu take so da firam mai ƙwari. A nan ba ma'auni kaɗai ba ne, keken gasa an rage masa nauyi har an huda gargarensa ramuka-ramuka, tayarsa iska kaɗan ake sa mata don ta lotsa ta kama dutse, ka buga wannan a gindin bishiya a guje tayar zata naɗe ne kawai. Keken titi ya fi nauyi da kilo biyu ko uku kuma da gangan ne.

Kar fa a ɗauka keken nasa ya fi na Coustellier, ba haka nake cewa ba, kuma duk mai faɗin haka bai kalli gasa da kyau ba. Mu mayar da lissafin ɗazu kan firam mai tazarar baya 375 da cibiya 20 sama da zare, a digiri 50 ƙafarka tana kusan santimita 23 daga aksul, tsakanin tsohon keke da na gasa kenan, ya fi kusa da tsohon ma. Wato a kan tayar baya MacAskill ya fi ɗan gasa shan wahala, hannunsa ya fi aiki, gajeren keken ya rage masa nisan gibin da zai iya tsallakewa daga tsaye, sirdin kuma ya tare shi a tsallen gefe. In ka sake kallon bidiyon da wannan idon zaka ga ba ya daɗewa a kan tayar baya, ɗan tsalle biyu uku ya wuce, kuma mafi yawan manyan abubuwansa da gudu yake shigarsu. Keken ne ya nuna masa hanyar da zai bi, shi kuma ya zaɓi keken da ya dace da abin da ransa yake so tun farko. Da an ba shi zango ɗaya na gasar Kanbera da wannan keken da ya sha wuya sosai, da an ba zakaran gasar bishiyar nan da nasa keken shi ma haka.

Abin da ya biyo baya ya ƙara tabbatar da rabuwar. Kekunan titi suka ƙara gajarta, aka koma birkin faifai gaba da baya saboda a manuwal so kake birki ya ɗan shafa ya saki, Inspired suka fitar da samfurin da aka sa wa suna Skye don MacAskill, daga baya kamfanin Santa Cruz suka ƙera masa firam na kabon. Na gasa kuma cibiya ta ci gaba da hawa, suka riƙe birkin kamfanin Magura mai matse gargare, har gurza gargaren suke da injin gurza ƙarfe ya yi kaushi don birkin ya kama kamar an sa kwaɗo, shi ne ƙarar nan da kake ji kamar ana yanka agwagwa a filin gasa. Jack Carthy ɗan Ingila, wanda ya fara cin gasar duniya ta manya a inci 26 a 2016, a kan irin wannan firam ɗin ya taso, kuma tsayin da suke hawa yanzu ya wuce abin da ake gani a 2009.

Inda abin yake damuna shi ne masu sha'awar farawa. Da yawa bidiyon MacAskill ne ya jawo su, sai su je neman keken tirayal su faɗa kan na gasa saboda shi ne ya fi kama da na ƙwararru, ko shi ne suka samu na hannu da araha, sai su yi wata uku suna fama da bonihof da manuwal abu ya ƙi, su yanke cewa su ne ba su da baiwa, alhali keken ne ba a yi shi don haka ba. Akwai kuma masu akasin haka, suna son hawa duwatsu a kan tayar baya sun sayi na titi, kafaɗa da damtse suna ciwo kullum. Wani zai ce ai sai a canza wuya, a sa gajere. Eh yana ɗan taimakawa, wuya da kan keke suna gyara inda hannunka yake, kuma ko juya kan keken gaba ko baya da 'yan digiri yana canza yadda gaban yake tasowa. Amma in ka sa gajeren wuya a firam mai cibiya 70 sai kan keken ya yi maka ƙasa, don ƙafarka ta hau sama hannun bai bi ta ba, ka koma a dunƙule kamar mai wanki. Tsayin kan keke daga feda ake jin sa, ba daga ƙasa ba, shi ya sa duk firam mai cibiya a sama dole ya zo da dogon wuya mai tashi. Fok mai tsawo shi ma yana ɗaga cibiya kaɗan ya kwantar da jingina, santimita biyu na ƙarin tsawon fok yana cin kusan digiri ɗaya. Amma inda aka yi waldar cibiyar a jikin firam nan take, babu sifanar da zata matsar da ita.

Ga wanda bai riga ya san ɓangaren da zai bi ba, ni dai shawarata firam mai matsakaicin tashi, wajen 20 zuwa 40, don zai bar ka ka koyi tsayuwa a taya biyu da ɗaga gaba da birki ba tare da ya tsorata ka ba, in ka gane kai na dutse ne sai ka hau sama daga baya. Kuma in keken hannu zaka saya wanda babu takardar ma'auninsa, kar ka dogara da abin da mai sayarwa ya ce. Ka tafi da zare da tef ɗin tela, ka tsayar da keken a shimfiɗaɗɗen daɓe, kan keken a miƙe, ka ɗaura zaren daga tsakiyar aksul ɗin gaba zuwa tsakiyar na baya ya ɗame sosai, ka auna daga zaren zuwa tsakiyar cibiyar feda, sannan ka auna daga cibiyar zuwa aksul ɗin baya, sai tsawon zaren kansa. Ka yi a ɓangaren da babu sarƙa, ya fi sauƙin gani.